Koya wa Ƙaramin Yaro Sifaniyanci a Matsayin Harshe na Biyu

A Amurka, inda mutane fiye da miliyan 40 ke magana da Sifaniyanci a gidajensu, iyaye da yawa masu jin Ingilishi suna son 'ya'yansu su tashi da harshen tun suna tatata. Buri ne mai kyau, sai dai hanyar da wasu ke bi, wato zaunar da yaro gaban talabijin, ba mai ɓullewa ba ce. A shekarar 2003, Patricia Kuhl da abokan aikinta sun jarraba jarirai 'yan wata 9 da Sinanci. Waɗanda aka yi wa magana ido da ido sun iya bambance sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyo kuwa ba su iya ba. Ke nan harshe daga bakin mutum ake ɗaukarsa, ta hanyar hira da wasa da waƙa, kullum ba fashi.

Masu tsoron harsuna biyu za su rikita yaro, su dubi yaran Yola da ke tashi da Fulatanci da Hausa. Gauraya kalmomi mataki ne na koyo da yake wucewa. Abin da ya wajaba malami ya kiyaye shi ne kada sabon harshe ya danne harshen uwa, domin a kansa ake ɗora sauran.