Wasiƙa Zuwa ga Matasan Kurfai Masu Rubuta Manhaja

'Ya'yana na Filinge da sauran ƙasar Kurfai, har da waɗanda karatu ya kai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai.

Yabo kam kun cancanta. Da tsohuwar kwamfuta da rezo mai zuwa yana ɗaukewa kuka koyi Git, har kuna ɗora aiki a GitHub. Allah ya yi albarka.

To amma me ya haɗa ku da babban reshe, wato main? Kowane gwaji, kowane gyaran tsakar dare, sai ku antaya shi cikin main, ku uku ko huɗu a lokaci guda. Gari ya waye, manhajar da jiya take aiki ta ƙi tashi, kowa na rantsuwa ba shi ba ne. A Tukunus, inda ake zaɓen irin shanun Azawak, wa zai saki baƙon bijimi cikin garke ba a duba lafiyarsa ba?

Da buɗe reshe na da wuya, da na yi muku uzuri. Mu da muka sha wahalar CVS kafin zuwan Git, haɗe rassa kan cinye mana yini, ran kowa a ɓace. Git ɗin da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 ya kawar da wannan. Reshe a cikinsa ba kwafin aikin ba ne, 'yar alama ce mai nuna ajiyar ƙarshe. Ka rubuta git switch -c da sunan da ka zaɓa, shi ke nan, ko intanet ba ya nema. Junio Hamano, wanda ke riƙe da ragamar Git tun Yulin 2005, kowane gyara da reshensa yake ajiye shi, sai ya sha gwaji a reshen next kafin ya shiga master, babban reshensu. Kun fi shi gwaninta ne? Antaya komai cikin main ba sauri ba ne, lalaci ne.

Masu buɗe reshen ma ina da magana da ku. "gwaji2", "sabo-sabo", waɗannan sunaye ne? Ku sa sunan da zai faɗi aikin. Kuma kada ku bar reshe tun shuka har girbi ba ku haɗe ba, don ranar haɗewa layukan da kowa ya taɓa za su yi karo, ku koma zubawa cikin main kuna cewa rassa ne matsala.

Ku yi haƙuri in harshena ya yi kaifi. Ku gaida mini iyayenku.

Naku,
Baffanku a sana'a