RA'AYINMU: INSHORAR LAFIYA, NAWA MUKE BIYA, ME MUKE SAMU?

Duk ɗalibin da ya dubi takardar biyan kuɗin rajistarsa da idon basira zai tarar da wani ɗan layi na kuɗin lafiya. Yawancinmu mukan biya mu wuce, ba ma tuna da shi sai ranar da zazzaɓi ya kayar da mu. A makarantu da dama wannan kuɗi shi ne na TISHIP, wato shirin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu, kuma ya kamata mu san abin da muka saya da shi.

Asalin al'amarin doka ce ta 1999 wadda ta kafa hukumar NHIS, amma ba a fara aiki da ita ba sai 2005. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a wata sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, aka kuma wajabta inshorar a kan kowane ɗan ƙasa. Wajabtawa a takarda ke nan. Har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa, shi ya sa ciwo guda kan cinye gona.

Ga 'yan'uwanmu da suka kama aikin gwamnati, ƙa'idar shirin ma'aikata ita ce ma'aikaci ya ba da kashi 5 cikin 100 na tushen albashinsa, ma'aikatarsa ta ba da kashi 10. Mai tushen albashi na naira 60,000, misali, nasa 3,000 ne a wata. Da wannan za a duba shi da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba, sa'an nan ya biya kashi 10 na kuɗin magani. To, amma a gidajenmu na Arewa ina magidanci mai 'ya'ya huɗu kacal, ba tsohuwa, ba ƙane, ba ɗan riƙo? Duk wanda ya ƙaru sai an yi masa rajista da kuɗi dabam.

Wanda ba shi da albashi kuwa, akwai GIFSHIP, da aka soma a 2020 a kan naira 15,000 kowane mutum a shekara, daga baya aka ƙara kuɗin. Jihohi ma suna da nasu. Kano ta kira nata taimakekeniya, sunan da ya fi kwanta wa masu ɗari-ɗari da kalmar inshora saboda addini. Na kamfanoni masu zaman kansu, wannan sai mai hali.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake biyan asibiti. Ana ba shi kuɗi ƙayyadadde a kan kowane mutum duk wata, ya zo ko bai zo ba. Shekara fiye da goma wannan kuɗi yana tsaye a naira 750, alhali kuwa farashin magani yana ta hauhawa, ba a taɓa shi ba sai a 2024. Ba abin mamaki ba ne da mai kati ya saba jin an ce masa magani ya ƙare, ya je ya saya a kemis. Mutum ya biya sau biyu ke nan. Idan kuma ciwon ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, sai an jira lambar izini daga kamfanin da ke tsakani kafin a tura shi gaba, ciwo kuwa ba ya jiran lamba.

Ba mu ce a soke shirin ba. Ɗalibin da aka yi wa aikin gaggawa ba tare da an sayar da akuyar uwarsa ba ya san amfaninsa. Abin da muke nema shi ne lissafi. Muna kira ga Majalisar Ƙungiyar Ɗalibai da ta nemi hukumar makaranta ta bayyana nawa aka tara a zangon da ya wuce, nawa ya isa asibitin makaranta, wane kamfani ke riƙe da saura. A kuma liƙa jerin magunguna da ayyukan da shirin ya ɗauke a ƙofar asibitin, da Hausa da Turanci, kafin a buɗe rajistar baɗi.