ƊORA YARO A KAN ADDININ IYAYENSA: HAƘƘI NE KO DANNIYA?

 

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ƙasashen Turai, wadda a yanzu wayar hannu ta shigo da ita har majalisun samari a unguwanni, wai iyaye ba su da ikon ɗora ɗansu a kan addininsu, a ƙyale shi kawai sai ya girma ya zaɓa da kansa. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Ingila, Richard Dawkins, ya fitar da littafi a shekarar 2006 inda ya nuna cewa bai ma kamata a kira yaro Musulmi ko Kirista ba, sai dai a ce ɗan iyaye Musulmi ko ɗan iyaye Kiristoci. Maganar tana da zaƙi a kunnen matashi saboda an sa mata rigar 'yanci. To amma ɗan uwa mai hankali ba ya haɗiye magana don zaƙinta, sai ya auna ta tukuna.

Da farko dai, zuciyar yaro ba ta zama fanko tana jiran ranar da zai cika shekara 18. Duk manomin da ya ƙi shuka gonarsa wai don kada ya tilasta wa ƙasa, to da damina ta faɗi zai tarar ƙaya da ƙarangiya sun yi masa shukar. Haka yaro yake. In uba ya kame bakinsa, talabijin ba za ta kame nata ba, abokan banza ba za su kame nasu ba, wayar da ke hannun yaron kuwa ko barci ba ta yi. Kuma ba a taɓa jin mai cewa kada a koya wa jariri harshen uwarsa sai ya girma ya zaɓi wanda yake so a cikin harsunan duniya ba. Kowane gida da abin da yake zuba wa yaro, har gidan wanda bai yarda da Allah ba, domin ɗansa zai tashi ya ga ba a sallah, ba a addu'a, wannan ma ai ɗorawa ce a kan wata aƙida.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa in aka janye hannun iyaye. A shekarar 1929 gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta kafa dokar da ta toshe hanyar buɗe azuzuwan addini ga yara. A 1967 gwamnatin kwaminis ta Albaniya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ta rufe masallatai da coci-coci baki ɗaya, har zuwa 1990. Shin yaran can sun tashi da 'yancin zaɓi? Ina! Aƙidar jam'iyya aka ɗura masu dare da rana. A Kanada kuwa, gwamnati da coci-coci sun raba yara kusan 150,000 na 'yan asalin ƙasar da iyayensu, aka kai su makarantun kwana, aka hana su harshensu da abin da suka gada, da yawa suka mutu a can, har sai da Fafaroma Francis ya je ƙasar a 2022 ya nemi gafara. Wato duk inda aka ture hannun uba, wani hannun ne ke maye gurbinsa, kuma ba hannun da ya fi na uba tausayi ba.

Ko dokokin da masu wannan magana ke tinƙaho da su ba su goya masu baya ba. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, a sashe na 26, ta ba iyaye fifiko wajen zaɓen irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 14, ta ambaci 'yancin yaro, sannan ta amince da haƙƙin iyaye na yi masa jagora. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 38, ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin wani addini da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba.

Amma shi Musulmi ba ya jiran izinin wata majalisa, domin umurni ya riga ya zo masa daga sama. A aya ta 6 ta Suratut Tahrim Allah (SWT) ya ɗora wa mumini tsare kansa da iyalinsa daga wuta. Suratul Baƙara ta ba da labarin Annabi Yaƙubu (AS) yana kan gargara amma abin da ya dame shi shi ne wanda 'ya'yansa za su bauta wa a bayansa. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyaye ne ke karkatar da shi. Littafin Risala ma, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, Ibn Abi Zaidin ya rubuta shi ne fiye da shekara 1,000 da suka wuce domin a koyar da yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai a nan akwai wani gyara da ya wajaba 'yan uwa su kula da shi. Alƙur'anin da ya yi umurni da tarbiyya, shi ne kuma ya yi ta zargin mutanen da ba su da wata hujja sai cewa haka suka tarar iyayensu suna yi, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 170 da kuma cikin Suratuz Zukhruf. Da gado kaɗai hujja ne, da Annabi Ibrahim (AS) bai karya gumaka ba. Saboda haka abin da ake nema daga uba ya wuce ya raɗa wa yaro suna Muhammadu ya miƙa masa hula da carbi. Ana so ya ba shi addini tare da dalilinsa. Luƙman da zai hana ɗansa shirka, ya kira shi da lafazi mai taushi, sannan ya gaya masa dalilin hanin. Littafin Ahalari da yara ke fara karatun fiƙihu da shi, da batun gyara imani ya buɗe kafin hukunce-hukuncen tsarki da sallah.

To ina wannan a gidaje da yawa a yau? Yaro ya tambayi babansa me ya sa ake azumi, ko wane ne ya yi Allah, amsar da zai samu ita ce mari. Uba ya tura yaro Islamiyya da dorina, shi kuwa ana kiran sallar Asuba yana minshari. Wani ya ɗauki ɗan shekara 6 ya kai shi wani gari ya damƙa wa malami ba ko mudun gero, yaro ya wuni yana yawo da kwano, uban kuma ya ce ya sauke nauyi. Irin waɗannan yara su ne ranar da suka haɗu da mai kawo shubuha ba su da abin kare kansu, domin tsoron bulala aka ba su, ita kuwa bulala ba ta bin mutum jami'a. Hadisin Abu Dawuda ya yi umurnin a fara sa yaro sallah yana shekara 7, bai ambaci horo ba sai a shekara 10. Tsakanin nan akwai salloli fiye da 5,000 na lallashi da koyarwa da riƙe hannu zuwa masallaci. Anas ɗan Malik (RA) ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya kuma shaida cewa ko tsawa bai taɓa yi masa ba.

Haka nan ba za a gyara yaro an bar uwarsa cikin duhu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Nurul Albabi ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, mata masu kai ilimi ƙauyuka. Matashin da ke neman aure ya san cewa makarantar 'ya'yansa ta farko yake zaɓe.

Wannan magana ta fi shafar matasan 'yan uwa fiye da kowa. Da yawansu sun sha yin saɓani da iyayensu a kan tsafi ko camfi ko wata al'ada da ta ci karo da Shari'a, suna cewa a kawo hujja. To su sani, Suratu Luƙman da ta hana bin iyaye a kan shirka, ita ce ta yi umurnin a zauna da su cikin kyautatawa, ba a ba kowa lasisin ɗaga wa mahaifinsa murya ba. Su kuma sani cewa nan da 'yan shekaru 'ya'yansu za su tsaya a gabansu da irin wannan tambaya. Wanda ya nemi hujja daga babansa bai kamata ya hana ɗansa ita ba. Kafin lokacin, ga ƙanne nan cike da gida, da su ake fara koyon aikin.

Daga ƙarshe, idan yaro ya balaga ya zama mukallafi, alƙalami ya hau kansa, kuma imani abu ne na zuciya da ba a cusa shi da ƙarfi. Annabi Nuhu (AS) ya kira ɗansa har ruwa ya shiga tsakaninsu. Shiriya ta Allah ce, amma za a tambayi uba ranar Alƙiyama abin da ya koyar da kuma abin da yaron ya gan shi yana aikatawa.

Allah ya shirya zuri'ar Musulmi, ya jiƙan iyaye kamar yadda suka yi renon 'ya'yansu suna ƙanana.