Lifidin Doki Da Tauye Mudu

A wannan mako za mu leƙa kasuwar wasannin kwamfuta, inda wani irin ciniki ya kafu wanda ya kamata iyaye da matasa su san kansa. A da, in mutum ya sayi faifan wasa, shi ke nan ya mallake shi ɗungurungum. Yanzu kuwa sai a sayar maka da wasan, sa'an nan a yi ta tallata maka ƙare-ƙaren da za ka sauko da su ta intanet, kowanne da kuɗinsa.

Abin ya ta da ƙura a shekarar 2006, sa'ad da kamfanin Bethesda na Amurka ya sa lifidin doki a kasuwa domin masu wasan Oblivion, a kan dala 2.50. Dokin hoto ne, lifidin ma hoto ne. Aka yi ta yi wa kamfanin ba'a, amma duk da haka mutane suka saya, sauran kamfanoni kuwa suka ga hanya ta buɗe.

To, ba kowane ƙari ba ne zamba. A shekarar 2015 kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya ba masu wasan The Witcher 3 ƙananan ƙare-ƙare 16 kyauta, watau gyara irin ta ɗan kasuwar kirki. A 2016 ya sayar da babban ƙari mai suna Blood and Wine a kan dala 20, da sabuwar ƙasa da sabon labari mai cin sa'o'i masu yawa. Wannan aiki ne sabo, kuma mai aiki ya cancanci lada.

Amma dubi abin da kamfanin Capcom na Japan ya yi a 2012. An tarar 'yan dambe 12 na wasan Street Fighter X Tekken suna kwance cikin faifan da mutane suka riga suka biya, an kulle su, sai an ƙara dala 20 a buɗe. Wannan ai tauye mudu ne: a ɗebi hatsi daga cikin awonka, a sake sayar maka da shi.

Mafi muni shi ne akwatin sa'a, wanda za ka biya ba ka san abin da ke ciki ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan ciniki caca ne. Bugu da ƙari, a 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya yarda ya mayar da dala miliyan 245, bayan hukumar ciniki ta Amurka ta zarge shi da yaudarar 'yan wasa, har da yara, su yi sayayyar da ba su yi niyya ba.

Saboda haka kafin mutum ya biya, sai ya tambayi kansa: sabon aiki aka yi mini, ko kuwa kayana aka ɓoye ana sayar mini da mabuɗi? Iyaye kuma kada su kuskura su bar lambar katin banki cikin na'urar da yaro ke wasa da ita, don rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.