Babur ɗin Dhoom a Hanyar Fadama

Tun da Dhoom ya fito a 2004 samarin Kafin Hausa ke mafarkin Hayabusa irin na John Abraham. To amma fa babur ɗin kwalta ne: cikinsa dab da ƙasa, mahayi a duƙe. A shiga da shi fadamar kogin Haɗeja da damina, sai turi!

Wanda ya ɗana dogon babur irin Africa Twin ya san bambanci. Tayar gaba inci 21 ce, tana haye rami da yashi, mutum zaune a miƙe. Illarsa tsayi: gajere sai ɗage.

Kafin a zuba kuɗi, a gwada shi a burji, da hular kwano. In ƙafa ta karye, babu daraktan da zai ce a sake ɗauka.