Wasiƙa zuwa ga ƙannena masu ƙera jirgin rimot a ƙasar Yauri

Ina magana ne da ku samarin Yelwa da Wara da Shanga da kuka tashi daga motar kara da ta langa-langa kuka koma haɗa jirgin sama mai rimot, musamman waɗanda tashi da sauka bai ishe su ba, sai jirgi ya yi alkafura a sararin sama.

Abin da na lura da shi, in za ku sayi jirgi ko ku duba na ɗan'uwanku, sai ku ɗaga shi a hannu, in kun ji nauyi ku ce wannan ƙarko gare shi. A jirgi ba haka lissafin yake ba. Mai nauyi dole ya yi gudu kafin iska ta ɗauke shi, kuma in gudu ya ninka biyu, ƙarfin buguwa da ƙasa ninkawa yake huɗu. Ƙarin katako da gam da kuka lafta don gudun karyewa shi ne zai jawo karyewar. Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic a Kano a 2007, ya burge duniya, amma jirginsa bai yi nisa da ƙasa ba. Sama ba ta son kaya.

Ku fara duba tsakiyar fiffike, wurin da ya haɗu da gangar jiki. Lokacin da jirgi ya sunkuyo da gudu kuka ja shi sama, nauyin da ke kan wannan wuri yakan ninka na jirgin sau da yawa, kuma nan ne fiffike ke naɗewa. Ku riƙe bakin fikafikan biyu ku ɗan murɗa. In ya murɗu cikin sauƙi, ko kun ji ƙas-ƙas a ciki, ba zai jure alkafura ba. Yana buƙatar ƙashin baya guda ɗaya da ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da gaɓa a tsakiya ba. Sandar kabon ta fi, in babu ita, tsagin gora busasshe, miƙaƙƙe, yana yi.

Sai kayan jiki. Katakon balsa, wanda galibinsa daga Ekwado yake zuwa, ba shi da nauyi kuma yana riƙe siffa, shi ya sa gwanaye ke son sa. Amma faɗuwa ɗaya yake tarwatsewa, kuma ba za ku same shi a kasuwar Yelwa ba. Farin soson da ake naɗo firiji da talabijin a ciki araha ne, sai dai gautsi gare shi, kuma sufa-gulu da fetur suna cinye shi nan take. Soson EPP shi ne mai haƙuri: ya lanƙwashe ya dawo, in ya yage a manne. Ga mai koyo ni shi zan zaɓa, ko da bai kai sauran kyan gani ba. Masu gyaran kwale-kwale a bakin tafkin Kainji sun riga mu sanin wannan, jirgin da za a cire masa katako ɗaya a sa wani kafin la'asar ya fi wanda sai an aika nesa neman kayansa. Don haka ku ɗaure fiffike da robar ɗaure kuɗi maimakon ku manne shi, in ya daki ƙasa robar ce za ta tsinke. Farfela kuwa ku saya da yawa.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Gam ɗin kyandir yana sakin jiki a zafin bazara, in kun bar jirgi a rana jela za ta karkace ba ku sani ba. Ƙurar hunturu tana shiga haƙoran sarbo, wato ƙaramin injin da ke motsa jela da bakin fiffike, na roba su sule, saboda haka ku nemi mai haƙoran ƙarfe aƙalla a jela. Batirin LiPo kada ɗaki ɗaya, wato sel, ya wuce bolt 4.2 a caji, kada kuma a zuƙe shi ƙasa da bolt 3. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada ku huda shi, kada ku yi cajinsa kusa da katifa, wuta yake kamawa. Kafin tashi ku ɗora jirgin a kan yatsu biyu, kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. In ya rinjaya baya, ku matso da batir gaba. Iskar da ke tasowa daga tafkin Kainji ba ta raga wa jirgi mai nauyin jela, kuma wanda ya faɗa ruwa sai dai masunta su kawo muku soso.

Abu na ƙarshe ba na ƙira ba ne. Tun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa ta hana tayar da jirgi marar matuƙi ba da izini ba, ga kuma sansanin sojan sama a Kainji, inda aka ajiye jiragen Super Tucano a 2021. Da halin tsaron da ake ciki, abin da ya gilma a sama ba kowa zai ɗauke shi wasa ba. Ku sanar da mai unguwa da jami'an tsaro kafin ku fita fili, ku nisanci kasuwa da makaranta da wayoyin lantarki.

Wassalam,
Yayanku.