Ku Bar Yarinyar Nan Da Yumɓunta

'Yan uwana mata, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wani abu ne da ya faru a gidan suna a unguwarmu, wanda har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. 'Yar yayata ce, tana karatun zane da ginin yumɓu a wata babbar makaranta, ta zo hutu da aikin da ta yi. Samiru ne guda bakwai ta gina da yumɓu, ta gasa su, ta yi musu fenti da furanni, ta ɗora su ɗaya kan ɗaya kamar jeren amarya. Sai dai kowacce ta huda ƙasanta, murafen kuma ta liƙe su ba sa buɗuwa. Wayyo, zo ki ga shewa! Wata ta ce an yi asarar kuɗin makaranta, wata ta ce yarinyar nan a nema mata magani. Kafin magariba uwar ta fara zancen gara a cire ta a yi mata aure.

To ni dai na ce ba a isa ba, kuma ga dalilina.

Na yarda, a cikin masu wannan sana'a akwai waɗanda abin nasu wasa da hankalin masu kuɗi ne. A 2024 an yi gwanjon wata ayaba da wani ɗan Italiya, Maurizio Cattelan, ya manna a bango da salatif, aka saye ta dala miliyan 6.2 a Amurka, wanda ya saya kuma ya ɓare ta ya cinye a gaban 'yan jarida. Wannan kam ku yi dariyarku, ni ma na yi. Amma ko shi ɗin, ai mai sayen ya mayar abin dariya, kuɗin kuma sun fita daga aljihunsa.

Ku saurari na wani mutumin ƙasar Sin, Ai Weiwei. A 2010 ya cika wani makeken zaure a Landan da 'ya'yan furen nan mai bin rana, waɗanda mutanensu ke ɓarewa su ci kamar gyaɗa, har guda miliyan 100. Ko ɗaya babu na ci a ciki, duk tangaran ne. Mutane kamar 1,600 a garin Jingdezhen suka zauna suka gina su, suka yi wa kowace ƙwaya zane da hannu, suka gasa. In kin hango daga nesa sai ki ce tsakuwa aka zube, in kin sunkuya kin ɗauki ɗaya sai ki ga hannun mutum ya taɓa ta. Tun da na ji labarin nan, duk kofin tangaran da na juya na ga an rubuta daga Sin yake, sai na tuna akwai wani bawan Allah da ya ƙone a bakin wuta kafin ya iso kabad ɗina. Shi ne kuma ya ɗauki tulun kakanninsu mai shekara wajen dubu biyu ya rubuta masa Coca-Cola a jiki. Mutane suka yi ta zaginsa ya ɓata kayan tarihi. To mu da muka fitar da randar kaka muka ajiye bayan ɗaki, muka sayo jarkar roba, wa ya zage mu?

Ko a nan Afirka akwai Chéri Samba na Kinshasa, wanda da zanen allon shaguna ya fara. Yana zana rikicin miji da mata, da cin hanci, da son a sani, ya rubuta zance a jikin zanen da Faransanci da Lingala don mai wucewa ya tsaya ya karanta. Mutum na cikin ƙyalƙyala dariya sai ya lura ashe da shi ake. Mu ma ai mun san irin wannan, ba ga shi nan a bayan manyan motoci ba?

Yanzu mu dawo ɗakunanmu, don nan ne maganar take. Don Allah Hajiya, ke da kika fi kowa shewa ranar nan, kwanukan da ke jere a ɗakin 'yarki, yaushe rabon da a zuba tuwo a ɗaya daga cikinsu? Da langa da fanteka ne, aka koma samira, aka koma tangaran da kuloli a cikin kabad mai gilashi, an kulle, makullin yana ƙugun amarya. Uwa ta ci adashi uku, ta sayar da akuyarta, ta ci bashin dillaliya, don kawai dangin miji su shigo su ƙirga. Baƙo ya zo kuma a kwanon roba za a ba shi abinci. Kwanon da ba a buɗe shi, ba a cin komai a cikinsa, ina bambancinsa da wanda aka huda aka liƙe murfinsa? Abin da yarinyar nan ta gina ke nan, mu ta gina, shi ya sa dariyar wasunmu ta yi ƙarfi da yawa.

Masu cewa ginin mutum-mutumi da zanen mai rai akwai magana a kai, wannan fagen malamai ne, ba zan shiga ba. Amma samira ba ta da rai.

Masu cewa wasa da taɓo ba aikin 'yar mutunci ba ne kuwa, su ciro naira 20 su juya bayanta. Matar nan da ke zaune tana gina tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya, ba ta yi boko ba. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta tun kafin Turawa su san ta. A 1954 ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko. Tana zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin randa, aka kai aikinta Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Wani abin dariyar ma, randunan da ta yi wa ruwan gilas aka gasa da wuta mai tsanani, sun yi nauyi, kuma ba sa sanyaya ruwa tunda ba sa tsatsafo, amma su ne manya suke rububin saye su ajiye a falo. Su ma ashe suna da nasu jeren.

Na je na sami yayata da daddare na ce, "Yaya, in kuɗin makaranta ne ya yi miki nauyi, a sayar da rabin tangaran ɗin da kike tara mata, ni zan kira dillaliya." Ta yi shiru, ta ce sai ta yi shawara da Malam. Samirun nan bakwai dai na roƙa an ba ni, suna kan kabad ɗina, kuma jiya wata baƙuwa ta tambaye ni a wace kasuwa na sayo su.